Man Gyaɗa a Agogon Kawu Modu

Da Kawu Modu ya gudo daga Damasak, abu ɗaya ya ɗauko a ka ya ƙetare kogin Komadugu: agogon da ya sassaƙa da hannunsa, har haƙoransa na katako. A zaurenmu na Diffa ya rataye shi.

Ƙararsa ta dame ni. Na ce ai na yi lise, wato sakandare, kuma ni ke sa wa keken ɗinki mai. Ban tambayi kowa ba, na tsiyaya masa man gyaɗa ludayi guda.

Kwana uku haƙoran suka kumbura, kiyashi suka cika shi, ya tsaya. Kawu ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "'Yata, saura albasa." Bai sake taɓa shi ba.

Har yau in na ɗora kasko, Inna sai ta ce, "Ku ɓoye rediyo."