Ranar da Na Gasa Barkonon Yaya Sani

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba, ko da na so. Ina kicin ɗin gidan abincin da nake aiki a Dubai, ina yanka albasa, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanwarmu ce daga Kano. Ba ta ja gaisuwa ba, ta ce, "Yaya Sani lokaci ya yi, sai dai haƙuri." Na yi salati, na mayar da wayar aljihu, na ƙarasa albasar. Kafin in tashi daga aiki har an kai shi makwancinsa.

Shi ya kawo ni ƙasar nan. Ya daɗe yana fataucin takalma a kasuwar Naif ta nan Dubai kafin ciwo ya mayar da shi gida, don haka babu Bahaushen da ke lungunan nan da bai san shi ba. Alhaji Mamman, wani dattijo ɗan Damagaram da suka saba haɗa kaya a kwantena ɗaya, ya ce ranar bakwai za a taru a filat ɗinmu na unguwar Hor Al Anz a yi masa saukar Alƙur'ani. Ya ce zai aiko da abinci. Na ce ya aiko da shinkafa kawai, miya ni zan dafa.

"Ɗana, kai aka yi wa rasuwa," in ji shi. "Naka zama ne."

Na ce na ji, amma dai zan dafa. (Ban taɓa musu da dattijo ba sai ranar, kuma na ga sakamako.)

Ina da dalili, ko da yake ban faɗa wa kowa ba. Inda nake aiki abincin mutanen Meksiko ake sayarwa, kuma akwai wata miyar nama da shugaban kicin ɗinmu yake yi. Ana yanka naman kafaɗar sa manya-manya, a soya har ya yi duhu. Sai a kawo wani busasshen barkono nasu mai faɗi kamar tafin hannu, wanda ƙamshinsa ya fi zafinsa, a cire 'ya'yan, a ɗan gasa a busasshen kasko, a jiƙa a ruwan zafi, a markaɗe da albasa da tafarnuwa. A zuba a kan naman, a rage wuta, a bar shi awa uku. Wata rana Yaya Sani ya biyo ta ƙofar baya na ɗiba masa. Ya suɗe kwanon tas, ya ce, "Ta yi daɗi, sai dai miyar marasa lafiya ce. Ranar da za ka dafa min taka, ka sa barkonon gida." Na ce to. Yau da gobe, har ya tafi ban dafa ba.

Ranar bakwai na fara da wuri, komai kuma ya tafi daidai. Bulus, abokin zamana, Kirista ne ɗan Kafanchan mai gyaran esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗauki hutu don ya taya ni. Shi ya jingine katifunmu, ya shimfiɗa darduma, ya toshe duk wata kafa ta taga don sanyi ya ishi baƙi. Bayan La'asar mutum goma sha huɗu suka cika falon. Malam Habu, wanda zai ja addu'a, ya raba karatu, kowa izu huɗu har da ni. Na karɓi nawa, na zauna, na buɗe. Layin farko ban iya wuce shi ba. Sai na ce bari in duba tukunya.

Na ɗanɗana. Nama ya yi laushi, romo ya yi kauri, amma maganar Yaya ce daidai, babu yaji. A kabad ɗinmu akwai wata leda ta ƙananan barkonon nan na gida da ya bari tun zuwansa na ƙarshe. Na ciko hannu biyu. To, a gida daka shi ake yi, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma ai ni yanzu na ga yadda ƙwararru suke yi. Na ɗora kasko, na ƙara wuta, na watsa.

Bulus yana wanke kofuna, ya waigo. "Mutumina, a garinmu da wannan ake fito da gafiya daga rami fa."

"Haka shugabanmu yake yi," na ce masa.

Abin da na manta shi ne, a wurin aiki akwai wata ƙatuwar na'ura a saman murhu da ke zuƙe hayaƙi. A nan kuwa sai esin da Bulus ya wanke jiya, wanda ya ɗauki hayaƙin ya raba wa kowa daidai wa daida.

Tari ɗaya na fara ji daga falo. Sai biyu. Muryoyin karatu suka riƙa yankewa ɗaya bayan ɗaya, sai ta Malam Habu ta rage, yana ta ƙoƙarin kai aya ƙarshe, har atishawa ta ci ƙarfinsa. Kafin Bulus ya ɓare abin da ya toshe tagar da shi, ƙararrawar gobara ta ɗauka, ba ta ɗakinmu kaɗai ba, ta benen gaba ɗaya.

Haka muka sauko hawa huɗu, mu da 'yan Pakistan da 'yan Filifin da jariransu, mai gadi yana ta "yalla, yalla," wato mu yi sauri. Alhazan Naif, mutanen da ake gaishe su da rusunawa, suna tsaye a bakin titi cikin zafin nan, manyan riguna, ƙafa babu takalmi, kowa riƙe da izunsa a ƙirji, hawaye da majina suna zuba. Wani maƙwabcinmu ɗan Pakistan da ya ji rasuwa aka yi mana ya dube su, ya dafa kafaɗata, ya ce lallai mamacin nan mutumin kirki ne.

Ni kaɗai ne idona a bushe. Na saba da hayaƙin kicin. Ina tsaye da ludayi a hannu, ƙanin mamaci, kowa yana kuka ban da ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Alhaji Mamman ya share fuska da hannun riga, ya daɗe yana kallona. Na jira faɗa, don da ya fi min sauƙi.

"Bon," ya ce, wato "to" a bakin 'yan Damagaram. "Barkonon wa ke nan?"

"Na Yaya ne, Baba. Shi ya bari."

"Na gane shi. Shekara nawa yana ba ni shi a kilishi yana dariya." Ya yi tari. "Khalas, shi ke nan. Malam, ɗakin nan ba ya shiguwa yau."

Malam Habu ya ce kowa ya tafi da nasa ya ƙarasa a gida, wanda ya gama ya sanar, sai a shafa Fatiha. Bulus ya ɗaure fuska da tawul ya hau ya kwaso takalma. Babu wanda ya ci ko loma. Washegari na kai tukunyar shagon Alhaji, ba tare da barkonon ba, na ajiye na juyo kafin a buɗe.

Yanzu na san dalilin da ya sa ake cewa wanda aka yi wa rasuwa ya zauna. Ba don a hutar da shi ba ne kaɗai, har da tsare lafiyar masu ta'aziyya.

Cikin kwana biyu mutum goma sha huɗun duka suka sanar sun gama. Malam Habu ya kira ni sau ɗaya, bai sake ba. Saura izu huɗu a cika saukar Yaya Sani, kuma nawa ne.