Rasuwar Ɓeran da Na Wanke da Hannuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Zayyadu Mano na Akokan, nake sanar da jama'ar Arlit rasuwar ɓeran ordinater ɗina, wato kwamfuta, ranar Talata bayan la'asar. Ɓera ne irin na da, mai igiya, mai ƙwallo a ciki. Shekara ashirin da uku yana ƙarƙashin tafin hannuna, ban taɓa jin ya ce komai ba sai ƙyat, ƙyat-ƙyat. Da 'yan Adam za su taƙaita magana haka, da an huta.

Na san ana gulmata a majalisar shayi, wai na hana matasa karta alhali ni ina wasa. To ku ji. Tun da aka rufe ramin ma'adinan da na yi wa aiki, nake gina gari a cikin wani tsohon wasa, wanda ba ya tashi sai ta emilater, wato manhajar da ke sa sabuwar na'ura ta yi aikin tsohuwa. A garin nan akwai ruwa a famfo, akwai gidan likita, kuma ba wanda ya ɗaure kaya ya koma Maraɗi. Marigayi ne ya shimfiɗa kowace hanya.

Ciwon ajali ya fara da kibiyar da yake jan ta a fuskar na'ura. In na ja dama, sai ta gudu kusurwa ta lafe. Na rage gudunta a cikin emilater, na kulle ta, na sake ta, duk a banza. Ana cikin haka gobara ta tashi a unguwar ma'aikata ta garin wasan. Na danna maɓallin tsayar da wasa, na buɗe cikin majinyaci, na tarar ƙura ta cushe shi.

Ba zan ɗora wa kowa laifi ba. A bakin rami an koya mana cewa duk abin da ƙura ta taɓa, ruwa da sabulu ne maganinsa kafin a kai shi gida. Haka na yi masa, har ɗauraya biyu. Mai gyara, Alkassoum, ya duba shi, ya dube ni, ya tambaya ko rijiya ya faɗa.

Ya ara mini sabon ɓera mai jar fitila. Mara tarbiyya ne. Na nufi motar kashe gobara, ya yi tsalle ya rushe gidan likita. Na sake tsayar da wasan.

Marigayi ya bar allon rubutu wanda harafin A ya goge, da tabarmarsa, da mutum dubu arba'in na garin wasan waɗanda wuta ke tsaye a kan rufinsu kwana uku.

Za a rufe shi gobe da hantsi a bayan gida, cikin gwangwanin madara. Ba salla, kada wani ya ce na yi wasa da addini. Masu zuwa gaisuwa, kada ku kawo dabino. Ku bincika akwatunan tsofaffin ma'aikata. Direbobin Agadez da Assamakka, kai ma abokina Amumun, don girman Allah ku tambaya a hanya: ɓera mai ƙwallo nake nema, ko na hannu ne.

Uwargida Siddiƙa ta rantse ran Juma'a za ta zare wayar lantarkin, na'urar ta huta. In ba a samu ba kafin nan, ni zan danna maɓallin ci gaba da wasan da kaina, in zauna tare da mutanena har wutar ta gama.