Rasuwar Loretta, Wadda Safa Ta Tona Wa Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Delbert Haugen na fili mai lamba goma sha huɗu, a sansanin masu gudun sanyi da ke bayan garin Yuma, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tirelarsu, gidansu mai taya da ake ja da mota, kuma abar alfaharinsu, Loretta. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara tara a duniya, a gaban mai gidanta da matarsa Marlys, da wata baƙuwa da ta zo saye, da kuma wani maƙwabci da ba wanda ya gayyace shi.

Marigayiyar ba irin ƙananan tirelolin nan ba ce da ake ɗaurewa a gindin mota ana ja kamar akuya. Tsawonta ƙafa arba'in da ɗaya, kuma wuyanta a bayan akori-kura yake hawa ya zauna daram. Idan Delbert ya yi baya ƙarfen ɗaurin ya kama, sai ta ce “ƙaf!” sau ɗaya, ba ta maimaitawa. Ɗakunanta huɗu masu fitowa ta gefe sukan buɗe da “wuuu… kum,” famfonta na ruwa kuma yakan amsa da “tur-tur-tur” duk safiya idan Marlys za ta ɗora kofi. Tana da firji mai ƙofa biyu, da injin wanki, da murhun lantarki mai harshen wutar ƙarya wanda jikoki ke zama kallo. Sau tara ta kwaso ma'auratan daga ƙanƙarar Minnesota, sau takwas ta mayar da su gida, ba ta taɓa kunyata su a hanya ba.

Iyalan ba su so ambaton wasu mutane a ranar makoki ba, amma dole ce ta sa. Loretta 'yar tagwaye ce. Rana ɗaya, a fili ɗaya, Delbert da Royce Tollefson, abokinsa tun suna yara kuma maƙwabcinsa na lamba goma sha biyar, suka sayi tirela iri ɗaya. Royce ya raɗa wa tasa suna Maxine. Kowa ya shaida Loretta ta fi ta ƙyalli, domin kowace Asabar Delbert yana goge ta har mutum ya ga haƙoransa a jikinta. Shi kuwa Royce, nasa aikin shi ne hawa kan rufi duk bazara da robar liƙi a hannu, yana rarrafe yana bin kowace tsaga. Delbert kan ɗaga kai daga kujerarsa ya ce, “Ƙadangare, yau ma an hau? Wa zai ga rufi, tsuntsu ne zai saya?” Royce ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi, ya ci gaba da rarrafensa.

Ya kamata jama'a su tuna wane ne mai makokin. Shekara da shekaru, ba a sayar da tsohuwar tirela a sansanin nan sai an kira Delbert ya yanke mata farashi. Ba ya duba littafin farashi, cewa yake wanda ya rubuta shi bai taɓa kwana a tirela ba. Hanyarsa ɗaya ce. Zai tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe takalmi, ya shiga da safa kawai, yana takawa a hankali daga ɗakin kwana har falo, domin daɓen katako da ruwa ya ci ba ya ɓoyuwa ga tafin ƙafa. In ya ji wuri ya lotsa, sai ya tsaya, ya dubi mai kaya ya ce, “Mutumina, cire dubu goma, mu rabu lafiya.” Gidaje da yawa sun yi kuka da safar nan.

Bara Royce ya ce zai sayar da Maxine, ya kuma roƙi Delbert ya duba ta. Delbert ya shiga da murnarsa. Awa guda ya yi yana taka ta, ya shiga bayi, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya yi tsalle a gaban firji duk da ciwon gwiwarsa. Ko'ina tauri kamar dutse. Ya fito ransa a ɓace, ya ce launinta ya koɗe, ba za ta wuce dala dubu hamsin ba. Kwana shida bayan haka wani likitan haƙori ya biya dubu sittin da biyu, bai ko nemi ragi ba. Royce ya sayo sabuwa fil, mai ƙafa arba'in da huɗu, mai baranda a baya, ya ajiye ta yadda inuwarta ke faɗowa kan teburin da Delbert ke shan kofi. Masu iya magana sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Iyalan suna so a sani cewa Delbert bai yi hassada ba, abinci ne kawai ya daina yi masa daɗi na wata uku.

A wurin cin abincin haɗaka na ranar Alhamis ne, gaban kowa, ya ajiye cokali ya rantse sai ya sayar da Loretta fiye da kuɗin Maxine, ko da da dala ɗaya ce. Washegari ya manna takarda a tagarta: dubu sittin da biyu da dala ɗaya.

Game da rashin lafiyarta, yanzu an gano ta daɗe tana jinya ba ta faɗa ba. Wata 'yar tsaga ce a rufi, kusa da tagar sama, wadda ba ta kai tsawon yatsa ba. Ruwan saman Minnesota ya bi ta nan shekara uku, ya gangara ta cikin bango, ya kwanta a ƙarƙashin daɓe tsakanin gado da ƙofar bayi. Delbert kuwa, tun da likita ya ce kada ya sake taka ƙasa ba takalmi saboda ciwon diddige, ko a cikin gida da takalmi mai kaurin ƙasa yake yawo, sai in zai duba tirelar wani yake tuɓewa. Wanzami ba ya son jarfa.

Ranar Talatar, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya daga Alberta ta ƙasar Kanada, Ardith Kowalchuk, ta zo da niyyar saye. Ta yaba ƙyallin, ta yaba firjin. Da ta zo ƙofa, sai ta sunkuya ta cire takalmanta ta jera su a gefe. Delbert ya ji daɗi, ya raɗa wa Marlys, “Kin ga mutanen Kanada da ladabi? Ta san gidan da ta shigo.” Baƙuwar ta shiga tana takawa a hankali. Ta wuce falo, ta wuce wurin girki, ta hau matakala uku zuwa ɗakin kwana. A nan ne marigayiyar ta yi maganarta ta ƙarshe, wadda iyalan ba za su manta ba. Ta ce “ɓurum,” a hankali, ƙafar baƙuwar kuma ta nutse har idon sawu.

Ardith ta zare ƙafarta ta ce, “Ka yi haƙuri, yallaɓai. Maƙwabcinka ne ya ce in shiga da safa. Ya ce wani gwani ne ya koya musu.”

Ta taga ana hango Royce a barandarsa, riƙe da kofi. Ya ɗaga kofin sama kaɗan.

Delbert ya juya wajen matarsa ko zai sami mai taya shi mamaki. Marlys tana goge tebur, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “Ni ai shekara biyu ke nan ina tsallake wurin.”

“Shekara biyu, Marlys? Ba ki faɗa min ba?”

“Wa ya isa ya gaya wa alƙali? Kai da ka san daɓen kowa.”

Makanikin da aka kira ya ɓalle bangon ya ga katakon ya zama kamar jiƙaƙƙen burodi, tun daga rufi har ƙasa. Ya ce kuɗin gyara ya fi ƙarfin mai gidanta, ya cire hularsa don girmama mamaciya. Wani mai sayen gawar tireloli ya yi tayin dubu huɗu da ɗari biyar, Delbert ya ce wannan zalunci ne. Mutumin ya tambaye shi nawa zai yanke da ta wani ce. Delbert ya karɓi tayin, domin a ransa ya san dubu huɗu zai ce.

Marigayiyar ta rasu ta bar akori-kura ɗaya, wanda yanzu yake yawo da ƙarfen baya ba abin da zai riƙe. Ta bar janareto, da kujerun waje biyu, da rumfar da ba ta taɓa yagewa ba, da gwangwani goma sha ɗaya na man goge jiki. Ta kuma bar 'yar uwarta Maxine, wadda aka ce tana Colorado cikin ƙoshin lafiya, kuma iyalan suna roƙon a daina kawo musu labarinta.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, daga lamba goma sha huɗu zuwa filin tsofaffin motoci da ke hanyar gabas. Delbert da kansa zai ja ta, don ya ji “ƙaf!” ɗin nan sau ɗaya kafin rabuwa. Royce Tollefson ya yi tayin ja da sabuwar motarsa, an gode, ba a buƙata. Haka kuma dala ɗayar da ya aiko a cikin katin ta'aziyya, an mayar masa.

Za a karɓi gaisuwa daga ranar Alhamis har zuwa safiyar Asabar, a cikin falon marigayiyar. Akwai kofi da kek ɗin Marlys. Ana roƙon masu zuwa su yi wa mamaciya sutura, su kuma ji tausayin mai gidanta, kowa ya shigo da takalminsa.