Yadda Ake Koya wa Jikan Masunta Iyo a Damargu

Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari jaririnka zai daina tsoron ruwa tun kafin haƙorinsa ya fito. Ni dai ban taɓa yin iyo ba, kogi ma a waya kaɗai na gan shi, amma wannan ba ya rage ilimi. Likita ma ba duk cutar da yake wa magani ya taɓa kwanciya da ita ba.

Na gwada hanyar a kan maƙwabcina Attahir, nan Falanko. Ya je ci-rani Gaya, can bakin kogi, ya auro Raliya, ɗiyar masunta. Da ɗansu Ila ya fara zama, sai surukin nasa, Baba Sahabi, ya aiko saƙon murya: "Ina nan tafe bayan Salla. In na iske jikana shina tsoron ruwa, da shi da uwatai za su biyo ni Gaya, ba su komowa sai ya iya iyo." Daga ranar abinci ya fita ran Attahir. Kai ma irin damuwarka ke nan, in ba haka ba da ba ka karanto har nan ba.

1. Samo ruwan

Nan yawancin ɗalibaina suke faɗuwa. Tabki ya ƙafe tun kaka, randa kuwa tana da mai gadi, wato mahaifiyarka. Kada ka kuskura ka ambaci iyo a gabanta. Attahir ya ambata, mahaifiyarsa Inna Balki ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Ruwan da jakina ya kusa mutuwa wurin ɗaukowa za ka zuba wa yaro ya yi wasa? Kai ma da buta guda na riƙa yi maka wanka, ga ka nan ba ka mutu ba."

Ce mata magani ne. Ba za ta yarda ba, amma za ta rage faɗan.

2. Fara a kan tabarma

Kwantar da shi rub da ciki, ka kama hannayensa ka yi ta tuƙawa, kana yin kukan ruwa da bakinka. Ka shafa masa ɗan danshi a goshi don ya san inda aka dosa. Matarka za ta jingina da bakin ƙofa tana dariya har da hawaye. Raliya cewa ta yi, "Malam, a garinmu ko kwaɗo ba ya haka. Ka bar yaron mutane ya huta." Kada ka kula ta. Wanda ya tashi a bakin kogi ruwa kawai ya sani, bai san ka'ida ba.

3. Shiga layi

A gidajenmu ruwa ba ya mutuwa da aiki ɗaya. Wanda aka wanke gero da shi ya zama ƙasari, ƙasari kuwa na awaki ne. Tsakanin turmi da bakin akuya akwai ɗan lokaci, wannan lokacin shi ne makarantarka.

Juye ƙasarin a baho, ka zaunar da yaron, ruwan iya cibiya, hannunka a ƙirjinsa kada ka ɗauke ko da waye ya kira ka. Awakin za su kewaye ku suna kallo. Ka bar su, yaro yana bukatar sabawa da idon jama'a. Ba sai ka duba agogo ba, babbar akuyar ce za ta tashi darasin, don ba ta jira a fitar da ɗalibi kafin ta sa baki. Zai fito da dusa a kunne yana ƙamshin fura. Inna Balki da kanta ta ɗauki Ila ta shinshina ta ce, "Maigidana, yau kai ne abincin rana."

4. Kai shi babban ruwa

In ya fara dukan ƙasari da tafin hannu yana ƙyalƙyala, baho ya yi masa kaɗan. Goya shi sai rijiyar makiyaya, inda ake cika kwami da ruwa don shayar da raƙuma. Yi sallama, ka gaida mai kwamin da kyau, ka tambayi lafiyar dabbobi ɗaya bayan ɗaya kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. Wanda Attahir ya samu, Ahmad, ya gyara rawaninsa ya ce, "Sa shi. Amma in ya yi fitsari a ciki, kai za ka ja guga a madadin raƙumin."

Ila ya yi. Attahir ya ja igiya har la'asar, tafin hannunsa ya saɓule, Ila kuwa yana miƙa hannu zai kama leɓen raƙumi. A fagen ilimi wannan nasara ce.

5. Ranar jarrabawa

Kada ka yi rowa. Bi gidajen maƙwabta ka roƙo ruwa mai kyau, bido bido, wato jarka jarka, ka cika baho a tsakar gida. Shimfiɗa wa surukinka tabarma a inuwa, kai ka durƙusa can gefe, kai a sunkuye.

Ila bai ba mu kunya ba. Ana tsoma shi ya hau watsa ruwa da ƙafa da hannu, ya jiƙa wa kakansa riga, da aka ɗaga shi ya tsala ihu sai da aka mayar. Attahir yana ɓoye murmushi a hannun riga.

"Ashe kai namu ne, abokina," in ji Baba Sahabi. Ya dubi bahon, ya dubi busasshen tsakar gidan, ya dubi ɗiyarsa. "Attahir, ka yi ƙoƙari, Allah shi yi maka albarka. Amma yaro mai son ruwa haka, alhaki ne a bar shi cikin baho. Raliya, ɗaure kaya."

Suruki ba ya musu da uban matarsa. Attahir ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Baba."

Sanarwa

Ni alkawarin da na yi, yaro zai daina tsoron ruwa, kuma ya daina. Ban ce zai zauna ba. Duk wanda matarsa ta tafi, ko akuyarsa ta ƙoshi da abin da bai kamata ba, ya nemi wani ya kama, ni babu hannuna.

Attahir ya yi mako yana kewaya gida, ya ce mini shirun ɗakin nan ya hana shi sakat, kuma na ga tausayinsa ƙwarai. Jiya na raka shi tashar Tanut zai bi su. A can ne wani direba ya gaya masa gidan Baba Sahabi a kan tsibiri yake, sai an shiga kwalekwale. Attahir, wanda ruwa bai taɓa wuce masa idon sawu ba, ya daɗe a tsaye yana kallona. Sannan ya ɗauki jakarsa ya hau motar.