Ƙuri'a Ɗaya a Tungar Gawo

Akwai wani tsohon gwamna da bai san gajiya ba. Sau ɗaya ya hau kujera, ita ma kotu ce ta miƙa masa. Ya nemi ta-zarce aka kayar da shi, ya nemi sanata sau biyu ya sha ƙasa, ya yi ta sauya jam'iyya har mai buga masa fosta ya koma barin gurbin tambari fili sai an kusa zaɓe. Amma duk kakar zaɓe sai ya je Tungar Gawo, wani ƙauye a tsallaken kogi, ya aza harsashin gada. A zuba siminti kwano guda, a ɗauki hoto, maroƙa su kwarara kirari, a watse. Sau huɗu ke nan. Mutanen Tunga kuwa ba sa musu da manya, a akwati suke ba da amsa: duk sanda aka juye, ƙuri'a ɗaya tak yake samu. Ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa.

Bana ma ga shi ya dawo da hula mai launin sabuwar jam'iyya, da ɗan jarida a bayansa. Malam Ilu mai fito ne ya ɗauke su a kwale-kwale, kamar kullum. Shekara talatin Ilu yana tsallakar da mutane a mashigin nan, da shi yake ciyar da baki goma sha ɗaya, kuma ba ya son surutu in yana tuƙi. Mai girma kuwa ya tattare babbar riga don kada ta jiƙe, ya buɗe baki tun daga gaɓa.

“Mutanen garinku butulai ne, Malam,” in ji shi. “Amma akwai ɗan halak guda a cikinsu. Zaɓe huɗu bai taɓa juya min baya ba. Da zan san shi, wallahi da na rungume shi a gaban jama'a.”

Ilu ya kwashe ruwa da ƙoƙo ya watsa waje, ya ce, “Ai ga ka a jirginsa, ranka ya daɗe.”

Tsohon gwamna ya zabura har jirgin ya karkata. “Kai ne? Allahu Akbar! Kai, kunna na'urarka, duniya ta ji.” Ya gyara zama, idonsa har da ƙwalla. “Malam Ilu, faɗa musu tsakaninka da Allah, me ka gani a wurina da sauran ba su gani ba?”

Ilu ya dubi tsofaffin harsasan nan huɗu da ke jere a bakin ruwa, awaki na kwance a kansu, ya ci gaba da tuƙi.

“Ranka ya daɗe, sauran 'yan takarar ne ban yarda da su ba. Wani yana hawa sai ya gina gadar nan, ni da iyalina mu shiga uku. Kai kuwa na gwada ka sau huɗu, hankalina a kwance yake.”