Rasuwar Filomena, Mai Huda Baƙin Dutse

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ƙirji cike da ƙura, Adelmo Zanatta na garin Ametista yake sanar da rasuwar na'urarsa ta huda dutse, Filomena. Ƙura ce ta shaƙe ta ranar Talata a cikin ramin haƙar ƙarau, tana tsaka da aiki.

Marigayiya ta ƙarar da ƙuruciyarta da tsufanta a kan baƙin dutsen nan da masana suka ce wuta ce ta malalo ta daskare, hawa kan hawa, kumfarta ta zama tatu, wato kogon da ake tarar da cikinsa cike da shunayyar ƙarau. Filomena ba ta taɓa yi musu musu ba. Nata dai "tatatata" tun safe, sai "fushhh" in an tashi. Ba ta taɓa fasa tatu ba. Da dutse ya canza murya take ja da baya, a ƙarasa da guduma a hankali.

Kuma ba ta shan ruwa a bakin aiki. Da ma'aikatan lafiya suka ce kowa ya jona wa na'urarsa tiyo don ƙura ta kwanta, Adelmo ya ce ruwa laka yake kawowa, laka kuma ɓata lokaci ce. Ƙanin matarsa, Nédio, ya jona wa tasa, ya ce, "Haba mijin yaya, mutane na shan taba, kai kana shan dutse?" Adelmo ya ce, "Je ka yi wa taka wanka, ka shafa mata hoda." Ta Nédio tana nan da ranta, har ta aiko da ta'aziyya.

Ciwon ajali da tari ya fara. Ta yi, maigidan ya amsa, har aka daina gane na wane ne.

Ta rasu ta bar injin iska ɗaya, baro mai karkatacciyar taya, da tiyo sabo fil a ledarsa. Gado kuwa tun tana raye ta raba: likita ya ɗaga hoton ƙirjin Adelmo, ya nuna ƙurar da ta cika huhu, ya ce ga shi nan duka, ba a ci masa ko ƙwaya ba.

Za a binne ta ranar Lahadi bayan coci, a bakin ramin. Kada a kawo furanni, a kawo ganyen shayin mate. Nédio ne zai ɗauki gawa. Ana roƙon masu rakiya su taka a hankali, don mai makokin zai biyo baya da tulun iskar asibiti, kuma hawan tudun zuwa bakin ramin ya fi ƙarfin numfashinsa.