Rasuwar Gwaggo, Bindigar Maiturare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yanzu ba su daina ƙugi ba, Malam Maiturare maharbi, na Unguwar Tsamiya a ƙasar Dutsi, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, bindigarsa mai baki ɗaya, wadda ta cika a hannunsa jiya Laraba da hantsi, a kan hanyar rijiya. Ta rasu tana da shekara sittin da 'yan kai, ban da waɗanda ta yi a hannun Faransawa.

Marigayiya 'yar Damagaram ce. Mahaifin Maiturare ne ya shigo da ita ta Babban Mutum, naɗe cikin tabarma, ya tara yaransa ya ce ga ƙanwarsa nan, kowa ya gaishe ta. Tun daga ranar ba a ƙara ce mata bindiga a gidan ba. Mace ce mai kawaici. Ba ta magana sai da dalili, in kuwa ta yi ba ta maimaitawa. "Ƙaras," in an ɗana ta. "Ɗau!" in ta yanke hukunci. Daga nan sai a ɗora tukunya. Ta ciyar da gida da zabin daji a shekarun da hatsi ya ƙi, ta raba birai da gonakin unguwa, tana da takardarta ta hukuma, kuma ba ta taɓa nuna ɗan Adam ba ko da wasa.

Aibinta ɗaya ne, gaskiya kuwa ko a kan gawa ana faɗin ta: tsirfar abinci. Ba ta cin harsashi sai lamba sha shida, irin na can garinsu. Yau kuwa duk inda ka juya lamba sha biyu ake sayarwa.

Ciwon ajalinta yunwa ce, kuma ya daɗe. Shekara uku ke nan da ta haɗiye harsashinta na ƙarshe. Ba inda Maiturare bai taka ba. Ya je Daura wajen Boniface mai kayan babur, shi kuma ya buga wa ɗan uwansa waya can kudu, aka ce wannan lamba ta bi masu yin ta. Ya je Babban Mutum, ya je Mai'aduwa. A wannan zamani da tambayar harsashi kaɗai ta isa a yi wa mutum mugun kallo, wani ɗan kasuwa ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye shi sunan ƙauyensu. Dattijo da furfurarsa ya sulale bai ko yi sallama ba.

Ga abin da ya fi yi masa nauyin faɗa, amma ya ce a rubuta. Duk shekarun nan uku bai gaya wa kowa ba. Kullum da safe sai ya shafe ta da mai, ya rataya ta, ya ratsa unguwa ana gaishe su su biyu, alhali cikinta wayam. Ba wanda ya sani sai 'yarsa Fadila, mai share masa ɗaki, wadda ta san gwangwanin harsashi ba komai cikinsa sai tsumma.

Ranar Litinin mahaukacin kare ya faɗo unguwa. Ya ciji maraƙin Suhaibu, ya shige dawar da ta rufe hanyar rijiya hagu da dama, dawar kuwa ta fi mutum tsawo. Mata suka daina ɗebo ruwa. Aka taru ƙofar mai unguwa, ba a ma daɗe ana shawara ba, kowa ya ce ai abin da sauƙi, Gwaggo na nan. A nan ne ya kamata Maiturare ya buɗe baki. Wallahi a nan ne! Sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kai mu.

Talata ya tafi Daura ya dawo da harsashi biyu lamba sha biyu, waɗanda wani tsohon abokin farauta ya ba shi. A lissafinsa, abin da sha shida ya shiga, sha biyu ma sai ya yi rawa a ciki. Ashe ba haka Nasara ya tsara ba, sha biyun ya fi kauri. Gwaggo ta dafe baki ta ƙi karɓa. Ya ɗauke ta sai maƙerar Jafaru, ya ce a faɗaɗa mata maƙogwaro. Jafaru ya ƙi har sau uku. Ya ce shi fartanya yake ƙerawa, ƙarfen nan kuma ya tsufa, in aka ci shi da magagari zai koma kamar fatar albasa. Maiturare ya haɗa shi da maƙwabtaka, ya haɗa shi da darajar iyaye. Jafaru ya goga har harsashi ya shige, ya miƙo ta yana kallon gefe, ya ce don Allah kada a ambaci sunansa. An ambata ne don jama'a su shaida ba shi da laifi.

Jiya randuna suka bushe ƙarƙaf. Mata suka ce in Gwaggo za ta shige gaba, za su je rijiya. Su bakwai suka bi shi da bokitai. Fadila ce daf da bayansa, ita da ta san komai. Suna tsakiyar dawa sai kara ya motsa. Karen ya fito ya tsaya a hanya, wutsiya a sake, miyau na dalala, bai fi taku goma ba. Ba haushi, ba gurnani. Maiturare ya durƙusa ya saita. "Ƙaras." Karen ya taho. Ya yi bisimilla ya ja kunama.

Ba "ɗau" ta ce ba. Wata irin ƙara ta yi wadda ba a taɓa jin ta daga bakinta ba, "fwaraƙ!", ta tsage daidai inda aka goga. Hayaƙi ya turnuƙe, bokitai suka tarwatse, mata suka yi ta kansu suna salati. Karen ya firgita ya koma cikin dawa ko ƙwarzane babu. Fadila ba ta gudu ba. Ta cire ɗankwalinta ta ɗaure hannun mahaifinta, ta ja shi da baya da baya, idonta a kan karan da ke motsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ta bar Maiturare da yatsu takwas, da harsashi ɗaya wanda ba mai cin sa, da ƙusar bangon da take kwana a kai. Ta kuma bar karen da rai.

Maiturare yana roƙon gafarar matan nan bakwai da ya sa a bayansa. Ya ce yunwa ta kwantar da Gwaggo, amma kunyarsa ce ta kashe ta.

Za a binne ta yau bayan Azahar, a bayan rumbu. Masu zuwa gaisuwa su zo a ayari, kowa da sanda, kada a biyo ta hanyar rijiya, kada a zo da yara. A yi haƙuri, ba za a ba baƙi ruwa ba, don babu. Duk mai bindiga mai rai da abincinta, a Dutsi ko a kewaye, don girman Allah ya taho da ita yau, kada ya bari sai gobe. Kada kuma a nemi mai makoki a kan tabarma. Yana can bakin dawa a tsaye tun dawowarsa daga asibiti, da gora a hannun hagu.